Takardar da ya kamata mace ta koma Tawa da ita bayan aikin nono

A nan Faransa, ranar da mace ta gama shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ƙarawa ta jijiya, da gashin rediyoterafi na sankarar nono, ba hannu rabbana take fita ba. Ana miƙa mata takarda mai ɗauke da irin ciwon, aikin da aka yi, maganin da za ta ci gaba da sha, da ranakun randebu. Likita zai duba ta kowane wata 6 har shekara 5, daga nan sau ɗaya a shekara. Mamografi, wato hoton nono, shi ma sau ɗaya a shekara. Kuɗin kuwa asusun lafiya na ƙasa ke biya. A gida, matar da ta baro Yamai ta iso Tawa, abin da za ka ji a tsakar gida shi ne "Alhamdu lillahi, an sallame ta." A yi barka da arziki, kowa ya kama gabansa.

Mutanenmu na waje sun cika ɗora bambancin a kan na'ura. Suna da gaskiya ta wani fanni, amma tun 2021 akwai rediyoterafi a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, ga kuma Matanite Isaka Gazobi da ke karɓar irin waɗannan mata. Inda muke baya sosai, a ganina, shi ne abin da ke biyo bayan sallama. Abin haushin kuma, galibin bibiyar da ake yi a Turai da hannu ne da ido da tambaya. Likita zai lalubi tabon aiki, ɗayan nonon, hammata da saman ƙashin wuya, ya tambayi yadda jiki yake. Matar da ba ta da wata alama ba a sa ta yin sikana ko gwajin jinin neman sankara, domin an gano ba sa ƙara mata tsawon kwana. Wannan duba kuwa ungozomar asibiti da aka horar za ta iya yin sa a Tawa. Ba sai mace ta hau kar ta ci kusan kilomita 550, ta bi Konni da Dogonduci da Doso, don a taɓa hammatarta na minti 10 ba.

Sai maganar tamoksifen, inda ake yawan yin ɓarna. Ƙwaya ce ta miligiram 20, ɗaya a rana, shekara 5, wasu har 10. Ba kowace mace ake ba shi ba, sai wadda gwajin tsokar da aka cire ya nuna cewa sinadarin mata ne ke ciyar da ciwonta. Aikinsa toshe wannan hanya don kada ciwo ya dawo. To da yake mai shan sa lafiyarta ƙalau, sai ta ga kamar asarar kuɗi ce. Wata kwalin ne zai ƙare, a ce sai an samu mai zuwa Yamai, wata 2 ya wuce. Wata zafin jiki da zufar dare ke damun ta, ga zafin Adar, sai ta ajiye ba ta faɗa wa kowa ba. Dabarar mai sauƙi ce: a sayi sabon kwali tun saura na mako 2. Idan an manta yau, gobe a sha ɗaya kawai, kada a haɗa biyu. Azumi ma ba ya hana shi, tunda sau ɗaya ne, a mai da shi lokacin sahur ko bayan shan ruwa.

Abu biyu ne ba a jira da su ranar randebu ga mai shan sa: zubar jini ta gaba da ba na al'ada ba, musamman ga wadda ta daina haila, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi ko numfashi ya sarƙe kwatsam, alamar jini ya daskare a jijiya. Kuma ba a ɗaukar ciki a kansa, yana iya cutar da ɗan tayi. Nan fa sai an sa maigida a zancen, domin ƙwayar tsarin iyali da allura da ashanar hannu duk ba su dace da wadda ta yi wannan ciwo ba. Kwaroron roba ko zoben jan ƙarfe na mahaifa su ne mafita. Wadda ta daina haila kuwa sau da yawa letrozol ko anastrozol ake ba ta. Su kuma ciwon gaɓoɓi suke kawowa, suna rage ƙarfin ƙashi.

Hannun da aka yi aiki a ɓangarensa yana iya kumbura ko bayan shekaru, saboda an cire kaluluwar hammata, ruwan jiki ya rasa hanyar komawa. A nan akwai masu tausa na musamman da safar hannu mai matsewa da ake aunawa daidai da mutum. A gida ko ba su, akwai awon tela. A auna hannuwa biyu a wuri ɗaya, santimita 10 sama da gwiwar hannu da 10 ƙasa da ita, sau ɗaya a wata, a rubuta. In bambanci ya kai santimita 2, ko zobe da awarwaro suka fara matsewa, a je asibiti. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanzami: hannu ya kumbura, wata gwaggo ta ce a yi ƙaho ko tsaga a fidda mugun jini. Wannan hannu ba ya jure rauni. Ƙuna a bakin murhu ko ƙaya ma ta isa ta shigar da ƙwayar cuta, fata ta yi ja, zazzaɓi ya rufe mace. A ranar ake neman antibiyotik. Naɗe hannu a zauna kuma kuskure ne, kafaɗa ke sandarewa. A riƙa ɗaga shi a jikin bango kullum, daka da jan guga a koma musu sannu a hankali.

Ciwon baya ko na ƙashi da ya wuce mako 2 yana hana barci, tari da ya ƙi tafiya, ido ya yi ruwan ɗorawa, ciwon kai da amai, rama babu dalili, ko sabon ƙullutu a kan tabo: duk suna iya zama alamar ciwon ya dawo, kada a tsaya jiƙo ko maganin tebur, a je asibiti.

Duk wannan zai shiga shafi ɗaya na karne. Kafin a bar Yamai, wanda ya raka ta ya roƙi likita ya rubuta sakamakon gwajin tsoka, ɓangaren da aka yi aiki da ko an cire kaluluwa, sunan magani da shekarar da za a daina, watan mamografi na gaba, da lambar da ma'aikacin lafiya na Tawa zai kira in ya ga abin da bai gane ba. A ɗauki hoton shafin a waya, a tura wa mutum biyu cikin dangi, domin karne na ɓacewa a ƙasan akwati.