Kyaftin Ya Zo Awon Tsawo

Tun ranar da kamfanin casar shinkafa ya sallami Nafi'u daga aikin rubuta buhunan shanshera, bai sake amsa sunansa na yanka ba. Ya sayi baƙin gilashi, ya kuma sanar da majalisar Tanko mai shayi da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi cewa daga yanzu Kyaftin za a riƙa kiransa, domin ya yanke shawarar shiga sojan sama.

Tanko: Kyaftin, za a haɗa maka da madara ne, ko kuwa ruwan bunu za ka sha kamar jiya?

Nafi'u: Ka haɗa mai kauri ka rubuta a littafi. Ranar da na karɓi albashin farko zan biya ka, sannan in zaga ta saman teburin nan da jirgi sau uku domin jama'a su san inda na fito.

Tanko: Ka yi mini rai ka biya kuɗin kawai, domin rumfar nan ko iskar bazara ba ta iya tarewa, balle ta jirgin yaƙi.

Baba Kofur, wanda ya je Laberiya da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a 1990 kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba, ya ajiye kofinsa.

Baba Kofur: Yaro, da farko dai sojan sama ba su da kyaftin irin namu na ƙasa. Wanda suke kira Guruf Kyaftin daidai yake da Kanar, kuma sai mutum ya yi furfura a cikin kaki kafin ya ji ƙanshinsa.

Nafi'u: Na gode da gyara, Baba. Jama'a, kun ji dai, daga yau Guruf Kyaftin ne sunan.

Baba Kofur: Kurtu ne sunan! Kaduna za a kai ka, a aske wannan sumar tas, ka yi wata shida kana tsallen kwaɗo da mirgina a cikin taɓo, kafin a yarda ka riƙe ko da tsintsiyar share filin jirgi. Ɗan ƙanena na Zuru ya daɗe a cikinsu, yanzu haka yana Gusau, kuma abin da ya fi sani game da jirgi shi ne ƙararsa, domin a bakin ƙofa yake tsaye da bindiga. Akwai makanikai, da direbobi, da masu dafa abinci, da ma'aikatan asibiti. Masu tuƙi hafsoshi ne, yawancinsu ta makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA suka bi, sannan suka wuce makarantar koyon tuƙi ta Kaduna ko ta Kano.

Nafi'u: Wannan na waɗanda ba su san jirgi ba ne, Baba. Ni na raka kawuna filin jirgi na Ambursa lokacin tashin alhazai, na tsaya a jikin waya na kalli yadda ake yi tun daga tayar da inji har ya ɓace a cikin gajimare. Abin da ya rage mini shi ne sauka kawai.

Ya kamata a faɗa a nan cewa wannan Nafi'un ne aka taɓa ɗauko wa tsani da mutum biyu domin a sauko da shi daga kan tirelar shinkafa, amma majalisa ta yi kara, ba wanda ya tayar da maganar.

Ana cikin haka Bello mai kafe ya iso da takarda a hannu, fuskarsa ɗauke da gajiyar mutumin da ya kwana yana jiran shafin intanet ya buɗe.

Bello: Ga sharuɗɗan nan na buga maka, kuma kuɗin bugawa daban ne da na cike fom. Ana son kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba.

Nafi'u: Ina da su, sai dai a zama uku suka taru, kuma ina ganin hakan hujja ce ta juriya, wadda ita ake nema ga soja.

Bello: Mai takardar sakandare kaɗai kada ya wuce shekara 22, mai sana'a ko difloma kuma kada ya wuce 25.

Nafi'u: Alhamdulillahi, a watan gobe zan cika 22.

Tanko: Kai da aka raɗa wa suna a makon da Abacha ya rasu? A 1998 ke nan, kuma ni na dafa shayin sunan.

Nafi'u: Wancan yayana ne da muke kama. Ina da takardar rantsuwa ta kotu, kuma ba na jin mai shayi ya fi kotu sanin ranar haihuwata.

Baba Kofur: Ƙyale shi, Tanko. A ƙasar nan akwai ma'aikatan da suka girmi iyayensu a masallaci, amma a fayil ƙannen 'ya'yansu ne.

A daidai nan Honorabul ya matso da bencinsa. Bai taɓa cin zaɓe ba, amma ya taɓa riƙe wa wanda ya ci jaka, kuma tun daga lokacin ba ya rasa gurbin aiki na sayarwa.

Honorabul: Ƙanena, bar wahalar da kanka da takardu. Oga yana da gurbi biyu a kason jiha. Ka kawo abin goro, ni kuma in sa a rubuta sunanka da jan biro.

Bello: Amma a jikin takardar nan an rubuta ƙarara cewa neman aikin kyauta ne, kuma kada a ba kowa ko sisi.

Honorabul: Fom ɗin ne kyauta, Malam Bello. Fitowar suna kuwa sai an taimaka wa addu'a.

Baba Kofur: Kai ne ka karɓi akuyar gwauruwar nan a kan aikin kwastan, ga ɗanta can yana tura baro a kasuwa har yau. Ni da nake bin layin tantance 'yan fansho da sandata ban ga gurbin da ka samo mini ba.

Honorabul ya tuna cewa yana da taro, ya tashi bai biya kuɗin shayi ba.

Bello: Saura sharaɗi ɗaya. Namiji kada tsawonsa ya gaza mita 1.66.

Nafi'u: Wannan ai cin fuska ne a tambaye ni. A kawo abin awo yanzu a gaban shaidu.

Aka aiki yaro ya aro tef a shagon tela. Nafi'u ya jingina da bango, ya miƙe wuya kamar zakaran da zai yi cara, ya ƙi cire hula da takalmi har sai da Baba Kofur ya daka masa tsawa irin ta fareti.

Baba Kofur: Sauke dugaduganka ƙasa! Bello, rubuta 1.63.

Bello: To, wannan ya yi daidai da abin da ake nema ga mata.

Nafi'u: Tef ɗin tela ba hujja ba ne, domin kowa ya san da shi suke cinye wa mutane yadi. Ban da haka ma, yunwar rashin aiki ce ta sa na motse. Kuma ku gaya mini, wane matuƙi ne yake tuƙa Super Tucano a tsaye? Jirage 12 aka kawo daga Amurka a 2021 aka ajiye a Kainji, kuma kowanne da kujera a cikinsa. A auna ni a zaune!

Ba wanda ya yarda ya auna shi a zaune. Saboda haka ya hau benci ya kama reshen darbejiyar da ke inuwantar da teburin, ya ce zai riƙa lilo kullum har santimita ukun nan su fito kafin ranar tantancewa. Tanko, wanda baƙi suka zo masa, ya janye bencin ya ba su.

Nafi'u: Tanko, mayar da bencin nan! Baba Kofur, don girman Allah a riƙe mini ƙafa, ƙasa ta yi nisa, jiri nake gani!

Baba Kofur: Tsakaninka da ƙasa bai kai kamu biyu ba, ranka ya daɗe. Ni kuwa kofur ne, doka ba ta ba ni ikon taɓa ƙafar Guruf Kyaftin ba sai da izini a rubuce daga Abuja.