Daga Kurtu Zuwa Janar: Nasiha Ga Samarin Katsina Masu Neman Shiga Soja

Assalamu alaikum, ƙannena samarin Katsina da Daura da sauran garuruwan jiharmu.

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe shafin ɗaukar sababbin kurata, shagunan intanet na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya sukan cika da matasa riƙe da sakamakon jarrabawa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wannan abin farin ciki ne ga duk wanda ya san halin da mutanen Jibiya da Batsari da Safana da Faskari suke ciki, domin ƙasar da 'ya'yanta suka ƙi ɗaukar makami don kare ta, ɓarayin daji ne za su riƙa yanka mata haraji. Sai dai wanda ya zauna ya saurari hirar da ake yi a bakin waɗannan shaguna zai ji cewa da yawanku janar kuke hangowa, da motarsa mai tuta da jiniya da sojojin da ke sara masa, alhali babu mai tambayar shekara nawa mutumin ya yi kafin ya kai nan, ko me ya haɗiye a hanya. Wasu ma tambayarsu ta farko ita ce wa za a gani, kuma nawa ake biya. Saboda haka nake so in shimfiɗa muku tarihin aikin wani soja da ya fara daga ƙasan ƙasa har ya kai ƙololuwa, ku auna da kanku.

Sojan shi ne Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi. Na san sunan yana da nauyi a kunnen mutumin Arewa, kuma zan zo kan dalilin, amma tarihin aikinsa kafin 1966 ya cancanci duk mai son kaki ya san shi. An haife shi a Umuahia a 1924, ya yi wani ɓangare na karatunsa a Kano, ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 18 a matsayin farabiti, wato ba shi da ko igiya ɗaya a hannun riga. A lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, hafsoshi duka Turawa ne, baƙar fata kuwa iyakar burinsa ya zama samanja. Ironsi ya bi layin igiyoyi har ya zama samanjan kamfani a 1946. Daga nan aka ga ya cancanta, aka tura shi Ingila horon hafsoshi, aka ɗaura masa anini a 1949, ya shiga sahun 'yan Nijeriya na farko da suka zama hafsoshi. Shekara bakwai ke nan yana sara wa wasu kafin wani ya sara masa.

Ya zama kyaftin a 1953, manjo a 1955, kuma da Sarauniyar Ingila ta kawo ziyara Nijeriya a 1956 yana cikin hafsoshin da aka zaɓa su kasance tare da ita. A 1960 aka ba shi bataliya ta biyar yana laftanar kanar, ya tafi da dakarun Nijeriya Kongo aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. A can ne, a garin Bukavu, ya taka rawa wajen kuɓutar da ma'aikatan asibiti 'yan ƙasar Austriya da aka tsare, har gwamnatin ƙasarsu ta ba shi lambar yabo. A 1964 shi aka ɗora a kan dukan dakarun Majalisar a Kongo, sannan a 1965 ya karɓi ragamar sojan Nijeriya daga hannun Bature na ƙarshe da ya riƙe ta, Janar Welby-Everard. Ku lissafa daga 1942 zuwa 1965: shekara 23 ce, kuma kowane mataki a cikinta da kwas da jarrabawa da rahoton na gaba da shi aka taka.

Yanzu ga dalilin nauyin sunan, kuma ba zan wanke shi ba. A daren 15 ga Janairun 1966 wasu manjoji suka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka kashe manyansu a cikin soja irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Mulki ya faɗo hannun Ironsi, ya tsare waɗanda suka yi kisan amma bai gurfanar da su gaban shari'a ba, sannan a watan Mayu ya fitar da doka mai lamba 34 wadda ta soke tsarin tarayya, abin da ya tayar da tarzoma a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli sojoji suka kashe shi a Ibadan tare da mai masaukinsa, Laftanar Kanar Fajuyi. Mutumin da ya yi shekara 23 yana hawa bai cika wata bakwai a kan mulki ba. Abin da nake so ku gani a nan shi ne mafarin ɓarnar: ƙananan hafsoshi ne suka ga cewa ba za su iya jiran layi ba, suka ɗaga bindiga a kan manyansu, kuma daga wannan dare ladabin bariki ya karye, har ƙasa ta faɗa yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Gaggawar da na ji a bakin wasunku ƙaramar 'yar uwar waccan ce, shi ya sa take ba ni tsoro.

Namu na gida ma, waɗanda suka shiga ta ƙofar hafsoshi, ba a ɗauke musu wahalar horo ba. Janar Hassan Usman Katsina ɗan Sarki Usman Nagogo ne, da ya so zama a fada da babu mai hana shi, amma ya shiga soja a 1956, ya je Ingila ya yi fareti a ƙarƙashin tsawar saje kamar ɗan kowa, kafin ya zama gwamnan Arewa a 1966, sannan babban hafsan sojan ƙasa a 1968 ana tsakiyar yaƙi. Muhammadu Buhari na Daura ya sami anininsa na farko a 1963, ya fara da jagorantar ƙaramin rukunin sojoji a Abeokuta, ya yi yaƙin basasa, ya yi kwas a Indiya da Amurka, kuma sai a farkon shekarun 1980 ya riƙe runduna ta uku a Jos. Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗan minista ne, duk da haka sai da ya bi ta makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya shiga wutar fagen Onitsha a yaƙin basasa. Idan 'ya'yan sarakuna da na ministoci sun sha rana a filin fareti, ban ga dalilin da zai sa ɗan talaka ya ɗauka cewa shi kuɗin cin hanci zai tsallakar da shi ba.

Ƙofofin a yau a bayyane suke. Mai takardar sakandare yana iya shiga ta Daffon Soja na Zariya, wanda yake horar da kurata tun 1924, ya yi watanninsa ya fito farabiti, daga nan las kofur, kofur, saje, har samanja. Wanda sakamakonsa ya yi kyau yana iya neman makarantar hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ya fito da digiri da anini. Mai digiri ko babbar difloma yana da tasa ƙofar ta gajeren horo. Abin da da yawanku ba su sani ba shi ne, wanda ya shiga kurtu ba a rufe masa hanyar zama hafsa ba: idan ya ƙaro ilimi yana cikin aiki, takardarsa ta bariki ta kasance babu tabo, kwamandansa ya yaba da shi, yana iya neman a ɗaga shi. Bayan ya zama hafsa kuma karatu bai ƙare ba, akwai jarrabawar ƙarin girma, akwai kwalejin Jaji, akwai kwalejin tsaro ta Abuja, kuma wanda ya yi ta faɗuwa ritaya ake yi masa komai son da yake yi wa aikin. Don haka yaron da ya tsani littafi, ya ce zai gudu soja don ya huta da karatu, ya san cewa a can ma littafin yana jiransa.

Ina roƙonku da girman Allah kada ku sa iyayenku su sayar da gona ko tumakin uwa don a biya wani wanda ya ce yana da gurbi. Rundunar soja tana nanatawa a kowace shekara cewa neman shiga kyauta ne, kuma mafi yawan masu karɓar kuɗin nan 'yan damfara ne da ba su taɓa taka ƙofar daffo ba. Ko da a ce kuɗin ya yi aiki, ka shiga aikin amana ta hanyar haram, kuma ka ture wani yaro da ya fi ka cancanta daga kason jiharmu. Haka nan kada ku rage shekaru ko ku ɗauki sakamakon jarrabawar wani, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, takardun da ka miƙa ranar farko suna nan a fayil ɗinka, kuma ana iya tono su bayan ka yi shekara goma sha biyar kana da mata da 'ya'ya, a kore ka ba fansho ba mutunci.

Sai maganar ƙwaya, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Wanda ya saba da tiramol ko kodin ko wiwi, ya ce zai daina idan ya shiga, yana yaudarar kansa ne, kuma idan gwajin lafiya bai kama shi ba, gudun safe na Zariya zai tona shi. Mafi muni shi ne ya tsallake duka biyun a miƙa masa bindiga mai harsashi, a ajiye shi a shingen hanyar Funtuwa ko ta Dutsin-Ma, inda rayuwar direba da fasinja take rataye da hankalinsa. Irin wannan ne yake marin dattijo sa'an mahaifinsa, ya sa ɗan acaɓa tsallen kwaɗo a gaban jama'a, ya karɓi na goro a hannun wanda aka turo shi ya kare. Duk ƙauyen da aka yi wa haka ya daina kai wa soja labarin motsin ɓarayi, kuma sojan da ba ya samun labari daga mutanen gari makaho ne a dajin Rugu.

Ku kuma shiga da sanin cewa aikin nan ana mutuwa a cikinsa, kuma girma ba ya kare kowa. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna wajen fatattakar Boko Haram, an kashe shi a Malam Fatori a watan Nuwamban 2016. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ya faɗi a Askira Uba a 2021, kuma a shekarar ta 2021 babban hafsan sojan ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu a hatsarin jirgin sama a Kaduna yana kan aiki. Ƙananan sojojin da suka kwanta dama a Sambisa da gabar Tafkin Cadi da dazuzzukanmu, iyalansu kaɗai suka riƙe sunayensu. Mafi yawan waɗanda suka shiga kurtu a igiya za su yi ritaya, kuma babu abin kunya a ciki, domin samanjan da ya yi shekara talatin ya fito da hannunsa tsaf shi ne ya horar da yaran da suka zama kanar. Chari Maigumeri, mutumin Barno, a samanja ya yi yaƙin ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu, sai da zai ajiye aiki aka ba shi kyaftin na girmamawa, yau kuma barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

Wanda ya ji duk wannan kuma zuciyarsa tana nan a kan aikin, ya fara da neman yardar mahaifansa, ya zauna da su ya faɗa musu gaskiyar haɗarin kada ya ɓoye. Idan Turancinsa bai fito ba a jarrabawar sakandare, ya sake zama a bana tun kafin a buɗe shafi. Ya fara gudun safe bayan sallar asuba, ya je asibiti a duba masa ido da jini. Sannan ya nemi ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin da suka yi ritaya a unguwarsu ko a kewayen barikin Natsinta, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya ba shi labarin shekararsa ta farko a aiki, da abin da ya sa aka kori waɗanda aka kora a cikin abokan horonsa.