Kyamarar da ke wanke hannun Hamidati

Kwana kaɗan bayan dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, sun ƙwace birnin Al-Fashir na yankin Darfur a ƙarshen Oktoban 2025, lokacin da bidiyon kashe-kashen da mayaƙansu suka ɗauka da kansu ke yawo a wayoyin jama'a, sai ga shugabansu Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hamidati, yana sanar da kafa kwamitin bincike. Aka biyo da hoton wani kwamandansu, Abu Lulu, ana tusa ƙeyarsa ɗakin kurkuku. Kafin ka ce kwabo, manyan kafofin labarai na duniya sun ɗauka sun yaɗa. Wannan abu ya ci mini rai matuƙa, domin wanda ake tuhuma shi ne kuma aka bari ya tsara kanun labarin.

Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, 'yan jaridar ƙasashen waje suka liƙa masa suna: rikicin janar biyu. Burhan, shugaban sojojin Sudan, ya ce kaza, Hamidati ya mayar da martani. Sauran 'yan ƙasar kuwa sun koma adadi a ƙarshen rahoto.

Hamidati ya daɗe da sanin darajar kyamara. A 2019 shi ya sa hannu a kwangilar dala miliyan 6 da wani kamfanin Kanada don a gyara wa majalisar mulkin soja suna a idon duniya, shekarar da aka buɗe wa masu zaman dirshan wuta a Khartoum. A Janairun 2024 ya sa kwat ya zaga ƙasashen Afirka, shugaban Afirka ta Kudu Ramaphosa ya karɓe shi, har ya je wurin tunawa da kisan ƙare dangi a Kigali aka ɗauki hotonsa. Watanni kaɗan ke nan bayan kisan gillar da ake zargin dakarunsa da yi wa ƙabilar Masalit a Al-Junaina. A can ne gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, ya faɗa wa tashar Al-Hadath ta waya cewa ana yi wa mutanensa kisan ƙare dangi. A ranar, 14 ga Yunin 2023, aka kama shi aka kashe.

Burhan ma ba kanwar lasa ba ne. Tare suka kifar da gwamnatin farar hula a Oktoban 2021, jiragensa sun yi ta ruwan bama-bamai a unguwanni da kasuwanni, amma ya hau mumbarin Majalisar Ɗinkin Duniya ana kiransa shugaban ƙasa.

Masu cewa dole ɗan jarida ya ji ta bakin kowane ɓangare ba su faɗi sabon abu ba. Miƙa wa mai bindiga makirufo ba tare da an titsiye shi kan gawarwakin da ya bari ba, talla ce aka yi masa kyauta, kuma editan da ya buga ya san haka.

Su wa ke ciyar da mutane a Omdurman? Matasan unguwa ne masu ɗora tukunyar taimako da ake kira takaya, waɗanda ɓangarorin biyu suka sha kamawa suna zarginsu da leƙen asiri. Su ya kamata a riƙa nema.

Sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare ba su da uzuri ko kaɗan. Akwai Hausawa a Mai Wurno da Damazin da Gadarif da Kasala, yaƙin nan ya taɓa su, kuma za su ba da labarinsa da harshenmu idan an buga musu waya, maimakon a zauna ana fassara mana sanarwar kakakin RSF.