Randar Baba

Tunda wasu sun riga sun kai labarin har ɗakin kwanan 'yan mata, an zuba masa gishiri da yaji, gara in faɗa da bakina.

Kun dai san tafiyar da mu ɗaliban zane muka yi: bas ɗaya, kwana uku, Gidan Makama a Kano, gidan tarihi na Kaduna, sai Jos. Malam ya ce kowa ya dawo da zane 10, kowanne a rubuta sunan abin da lambarsa a ƙasa, kuma fensir kawai, kada ya ga biro ko gawayi a hannun kowa, don gawayi ƙura yake yi, ya ɓata wuri. Ba zan faɗi a wane gidan abin ya faru ba, saboda dattijon yana can har yanzu, kuma bai yi min laifin komai ba.

Da safe lafiya lau aka fara. Na zana kawunan Nok biyu, wato mutum-mutumin yumɓu na zamanin da. Wanda bai taɓa zana su ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi, sai ya zo kan ido. Idon Nok kusan kusurwa uku ne, gira a sama kamar baka, ga huda a tsakiyar ƙwayar. Hancin da bakin ma galibi a huje suke, kuma hujin na taimaka wa iska ta fita lokacin gashi, kada yumɓun ya fashe. Idan ka cika ramin da fensir 6B mai baƙi sosai tun farko, kan zai zama kamar na mujiya. Da HB mai haske ake fara shata shi, 2B da ya ɗan fi shi baƙi ya kawo inuwa, 6B sai a ƙarshe, ɗigo ɗaya. Ina ta tuna cewa kan da aka kai wa Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, a 1943 wani ne ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, bai san abin da ya haura shekara 2000 yake riƙe da shi ba. Har dariya na yi wa mutumin a raina. Ku riƙe wannan.

Bayan azahar na leƙa wani lungu kusa da inda aka jera tukwane, sai na gan ta. Randa ce ja, ita kaɗai, a girke kan yashi, an rufe bakinta da faifai, haske na sauko mata ta taga daga hagu. Duk mai zane ya san irin wannan hasken ba kullum ake samunsa ba. Na zauna a ƙasa, na ɗora allo a gwiwa.

Kuma wallahi na yi aiki. Na ja layin tsakiya a tsaye tukuna, don randa in ba ta da shi sai ta karkace kamar mai ciwon kwankwaso. Na miƙe hannu sosai, na rufe ido ɗaya, na auna faɗin baki da babban yatsa a jikin fensir: ciki ya yi baki biyu da rabi. In gwiwar hannu ta lanƙwashe ko kaɗan awon ya tashi a banza, shi ya sa na maimaita sau uku. Bakin kuma ba da'ira ake yi ba, ƙwai ne a kwance, gefensa a zagaye, ba mai tsini kamar idon kifi ba. Minti 40 ina nan.

Sai 'yan aji ɗaya guda huɗu suka zo suka tsaya a kaina. Wata ta ce, "Yaya, wannan ta wane zamani ce?"

To, nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa. Maimakon in ce ban duba ba, sai na gyara zama. Na ce su dubi zanen wuyan, an murza shi da totuwar masara yumɓun na ɗanye. Wannan gaskiya ne. Na ce da hannu aka gina ta, ba a kan injin juyi ba. Shi ma gaskiya ne. Daga nan na zarce. Na kawo musu Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane wadda ke bayan naira 20, yadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954 a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Na ce ni dai a ganina wannan daga hannun nan ta fito, ko na wata ɗalibarta. Har na ce duhun da ke gindinta "alamar shekaru" ce. Ɗaya tana rubutawa. Rubutawa fa!

Ina cikin haka sai ga takun silifas. Dattijo ne mai kula da wurin, da carbi a hannu. Ya ce, "Salamu alaikum, samari, ɗan gafara kaɗan." Na janye ƙafa, na ɗauka zai goge mata ƙura. Ya ɗaga faifan. Ya miƙa hannu bayanta ya ciro moda, ta roba, shuɗiya. Ya zura. Na ji ƙarar nan, bulum. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya sha, maƙogwaronsa na hawa da sauka, ni kuwa fensir na nan a sama inda na bar shi ina nuna "alamar shekaru". Ya sake ɗiba. Ya sha rabi, ya watsa sauran a yashin. Sannan ya leƙa allona, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, madalla. Ta fito sak. Bara na saye ta a kasuwa, waccan ta tsage." Ya miƙo min modar: "Za ka sha, ɗana? Da sanyi."

Na sha. Me zan yi? Na ce, "Na gode, Baba." Kuma da sanyin.

Abin haushin, duk shaidar na gabana. Ba lamba a jikinta, ba takardar bayani a bango. Yashin a jiƙe yake. Duhun gindin nan ruwa ne ke tsattsafowa, wanda shi ne ma ke sanyaya randa: yumɓun da ba a yi wa shafen ƙyalli ba yana zufa, iska ta busar, ruwan ciki ya huce. Tukwanen da Ladi Kwali ta yi a cibiyar kuwa masu shafen ƙyalli ne, an gasa su da wuta mai tsananin zafi, ba sa zufa. Ga ƙadangaru da kunamu da kifaye a jiki, ga hatimin LK. Na san wannan duka, na ci shi a jarrabawa.

Amma ni ba Baba ne a raina ba, ba kuma yaran ba. Mutuminku ne, abokin tafiyarmu, mai hular sanyi ko ana zafin Maris. Ashe tun da safe ya sha ruwa a randar nan. Yana tsaye a bayana tun ina jan layin tsakiya. Har tambaya ya jefa min a gaban yaran, wai, "Ustaz, ba ka ganin ta ma girmi Ladi Kwali?" Na ce mai yiwuwa ne. Mutumin da na ba aron 6B ɗina a Kano, sabo, ko fiƙewa ban yi ba. Mutumin da na riƙe wa wuri kusa da taga tun daga Zariya. A bas da za mu dawo, duk tukunyar da muka wuce a bakin titi sai ya buga jikin mota ya ce direba ya tsaya, ga kayan tarihi.

Zanen dai na miƙa shi cikin goman, don babu lokacin yin wani. Wurin lamba na bar shi fili. Malam ya zagaye filin da jan biro, ya sa alamar tambaya, a gefe kuma ya rubuta cewa inuwar ƙarƙashin faifan ta yi nauyi.

Fensirin nan har yau bai dawo da shi ba. Wai ya bari a Jos.