Mai son a ji muryarsa a Kaduna, ya fara da layinsu

Duk mai bin Facebook a garin nan ya san rubutun siyasarmu ya zama abu ɗaya. Azzalumai, maciya amana, talaka ya shiga uku. Ka cire sunan wanda ya rubuta ka sa na wani, babu mai ganewa. Matasa da yawa suna neman salon kansu, suna zaton sirrin yana wajen iya jera kalmomi. A ganina mutum goma da suka karanta saƙo ɗaya a WhatsApp dole su rubuta abu ɗaya. Wanda ake tsayawa a karanta shi ne wanda ya san wani abu da sauran ba su sani ba.

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ke rubutu kan tsadar rayuwa. Amma mutum nawa ne suka rubuta kuɗin Keke daga Rigasa zuwa kasuwar Sheikh Gumi a watan jiya da na wannan watan? Ko farashin mudun masara a kasuwar Kawo ranar Talata, mako huɗu a jere? Ka nemi ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta kwanan wata, wuri, adadi da wanda ya faɗa maka. Awa nawa aka ba layinku wuta, yara nawa ne a aji ɗaya a firamaren unguwarku, wane magani ne babu a asibitin sha-ka-tafi. Cikin wata guda za ka tara abin da babu mai gardama da shi, kuma za ka ga rubutunka ya daina buƙatar zagi.

Sai tantance abin da ka sani. Akwai abin da ka gani da idonka, akwai wanda ka ji daga bakin wanda ya gani, akwai kuma "an ce". Na farko ka rubuta shi kai tsaye. Na biyu ka faɗi cewa ji ka yi, kuma ka nemi mutum na biyu da bai da alaƙa da na farkon. Na uku ka bar shi a wayarka. Adadi ne ya fi kayar da mutane. Da aka sace ɗaliban Kuriga a Chikun ranar 7 ga Maris 2024, adadin da ya fara yawo 287 ne. Da aka dawo da su, gwamnati ta ce 137 ne, kuma su ke nan. Wanda ya rubuta "malaman makarantar sun ce" ko "gwamnati ta ce" bai yi ƙarya ba ko ta wane ɓangare. Wanda ya rantse a kan adadi ɗaya tun daren farko shi ya sha kunya. Hoto kuwa, kafin ka yaɗa shi ka sa shi a Google Lens, manhajar binciken asalin hoto. Sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne, wani lokaci ma daga wata ƙasa.

Kaduna ba gari ba ne da ake wasa da alƙalami. Rikicin shekarar 2000 ya raba mu, Musulmi suka taru a arewacin kogi, Kirista a kudu. A Nuwamban 2002 rubutu guda a jaridar ThisDay da ya taɓa janibin Annabi (SAW) ya jawo rikicin da ya ci rayuka sama da 200. Saboda haka kafin ka wallafa, ka karanta rubutunka sau biyu: sau ɗaya a matsayin ɗan Tudun Wada, sau ɗaya a matsayin ɗan Sabon Tasha. Duk inda ka rubuta sunan ƙabila ko addini a wurin da ya kamata ka ambaci ofishi ko mai riƙe da muƙami, ka gyara. Ba Fulani ne suka ƙi gyara hanya ba, ba kuma Atyap ba. Ma'aikata ce da ke da kwamishina da kasafin kuɗi. Kasafin jihar nan ana sa shi a intanet, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomin tarayya kwana bakwai su amsa takardarka. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa gwadawa, alhali ba ta wuce shafi ɗaya ba.

Maganar doka kuma, a daina ruɗin kai. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya shafi saƙonnin da ake wallafawa a intanet, yana nan, da tarar da ta kai Naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara uku. An yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi, duk da haka ba a daina kama mutane da shi ba. Sa kalmar "ana zargin" a gaban sunan mutum ba ya wanke ka daga ƙarar ɓata suna. Idan za ka ce wane ya ci kuɗin kwangila, ka fara riƙe takarda, ka ajiye kwafinta wajen wani amintacce. Akwai kuma abin da ya fi kotu ban tsoro. A watan Agustan 2019 aka ɗauke Dadiyata, mai sukar gwamnati a kafafen sada zumunta, daga gidansa a Barnawa, har yau iyalinsa ba su gan shi ba. Kar ka riƙa sa hoton ƙofar gidanku, ko sanar da inda kake a lokacin da kake wurin. Idan mutumin ƙauye a Birnin Gwari ko Giwa ya ba ka labari, cire sunansa bai isa ba. Ka cire sana'arsa da sunan ƙauyen, domin a ƙauye "wani mai shayi" mutum ɗaya ne, kuma 'yan bindiga ma suna da waya.

Kuɗin data da 'yan siyasa ke rabawa ba sai na tsawaita ba. Ranar da ka karɓa ka shiga sahun sojojin baka, kuma masu karatu suna ganewa cikin mako ɗaya.

Rubutun da ka yi cikin fushi ka bar shi ya kwana, in ba gargaɗin gaggawa ba ne kamar an tare hanyar Abuja. Da safe ka karanta shi a bayyane. Jimlar da ba za ka iya faɗa wa mutumin a gaban idonsa ba, ka goge ta. Wadda ta fito kamar fassarar Turanci, ka sake faɗarta yadda za ka faɗa a majalisa bayan la'asar. In kuma ka wallafa sannan ka gano kuskure, kar ka goge a ɓoye, domin wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Ka rubuta gyaran a saman rubutun, da lokacin da ka gyara da abin da ka canza.