Ku daina manna abin da ba ku karanta ba a kan sabar mutane

Ƴan'uwana masu harkar kod na Damagaram, yau kam sai kun yi haƙuri da ni, tun daren jiya raina a ɓace yake. Muna zaune a fada bayan isha'i ana dafa shayi sai ga wani ƙanena da ordinatar a hammata, gumi sharkaf, wai yaya ka taimake ni, shafin da na yi wa wani Alhaji mai shago a kasuwar Dole ya haukace, duk wanda ya shiga sai ya tsinci kansa a wurin caca. Na ce buɗe mu gani. Da na bi abubuwan da ya rubuta wa sabar ɗin, wato na'urar da shafin ke zaune a kanta, layin farko da idona ya faɗa kai shi ne chmod -R 777 /var/www. Na ce masa me 777 ke nufi? Ya sosa ƙeya, wai wallahi yaya hoto ne ya ƙi hawa, na ga wani ya rubuta haka sai na kwafa, kuma ya yi.

"Kuma ya yi." Wannan kalmar ce ke kashe mu. Lambobi ukun nan izinin taɓa fayil ne da umarnin chmod ke bayarwa, ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran duk wanda ke cikin na'urar, kuma 4 karatu ne, 2 rubutu, 1 zartarwa, in ka haɗa ka samu 7. Wato ka cire ƙyauren shagon Alhaji dungurungum saboda makulli ya cije maka. Alhali 755 ga folda da 644 ga fayil sun isa, sai ka mallaka wa www-data, wato asusun da shafin ke aiki da shi a sabar, foldar hotunan kaɗai. Minti biyar na karatu ne fa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuma da hannunka ka rushe bangon.

Ba kwafa nake hana ku ba, ni ma ina kwafa, tun da aka buɗe Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kod, a 2008 babu mai wannan sana'a da bai leƙa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne a kwafa ido rufe. Amsar da aka rubuta shekara goma sha da suka wuce, da tsohuwar hanyar tambayar databes (rumbun bayanai) ta mysql_query a ciki wadda aka cire daga yaren PHP tun PHP 7 a 2015, kai ka ɗauko ka manna, ka haɗa abin da baƙo ya rubuta a fom kai tsaye cikin umarnin SQL da ake aika wa databes, sannan ka yi mamaki an kwashe tebur ɗin kwastomomi. Wani ya tura fayil ɗin .env da kalmar sirrin databes zuwa GitHub, shafin ajiye kod, a buɗe. Wani yana shiga sabar daga nesa ta SSH da root, wato asusun mai cikakken iko, da kalmar sirri sunan budurwarsa, tashar 3306, ƙofar databes, a wangale ga duniya, bai taɓa jin sunan masu gadin sabar irin ufw ko fail2ban ba. Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa da ChatGPT, ko kuskuren da ya fito ba a karantawa, a kwashe a zuba masa, ya bayar a manna, ya ƙi a sake. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa, bayanin matsalar yana nan a cikin log, inda sabar ke rubuta abin da ya faru, ƙiri-ƙiri.

Ko manya ba su tsira ba in an yi gaggawa. A watan Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, babban kamfanin ajiye kod, ya share databes a kan sabar da ba ita ya nufa ba, aikin mutane na kusan awa 6 ya tafi. Su masu ajiyar kwafi, wato bakof, ke nan. Ƙanen nan nawa da na tambaye shi ina bakof ɗinka, cewa ya yi yana cikin kile, kile ɗin kuma ya ara wa abokinsa ya zuba wasan kwaikwayo.

Kuma tunda an zo nan bari in faɗa, masu karɓar avans su kashe waya, da masu kwana a TikTok suna ƙona megas sannan su ce ba su da na karatu, ku ji tsoron Allah. Dukiyar mutum ce aka ba ku amana, ba wasan yara ba.

A garin nan fa muka tashi muka ga yaron baduku yana shekara yana kallon hannun maigidansa kafin a ba shi fata mai tsada ya yanka, yaron tela ma da maɓalli yake farawa. A da ba a jin kunyar a ce ban sani ba, koya mini. Mu da muka koya a sibar, awa ɗaya muke biya, kuran ya ɗauke a tsakiya, amma layin da muka kwafa a kaye sai mun san aikinsa. Yau yaro sati uku da fara kallon bidiyo ya buga kati da sunan injiniya.

Sai wajen ƙarfe biyu na dare muka gama tsince fayilolin da aka dasa masa, har 11 na ƙirga a foldar hotuna kaɗai. Na ce masa da safe shi zai je da ƙafarsa ya yi wa Alhaji bayani, ni ba zan raka shi ba.