Samari, ku yi hattara da wasannin da suka kwafi Smash

Assalamu alaikum ƴan uwa matasa, musamman ku ƙannena na fada da masu wuni gidan gem. Maganar wasan faɗa nike son mu yi yau, irin wanda ake kwaso jarumai daga wasanni ko katun daban daban a zuba su fili guda su yi ta jibgar juna. Abin ya fara shiga ran yaranmu nan Maradi, kuma wasa kanshi ba shi ne damuwata ba, damuwata ita ce wasu sun fara fidda kuɗi suna sayen jarumai da kayan sawa cikin wasan da ba su san ko gobe yana nan ba.

Ku fara sanin inda abin ya fito. Uban gidan wasannin nan duka shi ne Super Smash Bros na kamfanin Nintendo na Japan, ya fito 1999 bisa na'urar wasansu Nintendo 64 da jarumai 12 kacal, su Mario, Pikachu, Link, Kirby, Donkey Kong. Ba kamar Tekken ko Mortal Kombat da muka saba ba ne inda jininka ke raguwa har ka faɗi, a nan dukan da ka sha lamba ce ke hawa, in ta yi sama sai ka zama ba nauyi, bugu guda ka tashi sama ka faɗa wajen fili shi kenan an cire ka. Wanda ya ƙirƙiro shi sunanshi Masahiro Sakurai, kuma ga abin da nike son ku riƙe, gwajin farko da ya yi shi da Satoru Iwata (wanda daga baya ya zama shugaban Nintendo) babu Mario babu Pikachu ciki, wasu mutum-mutumi ne marasa suna ke faɗan. Sai da suka tabbata wasan ya yi daɗi a hannu sannan aka sa fuskokin da duniya ta sani.

Na baya bayan nan, Ultimate, ya fito ƙarshen 2018 bisa Switch, yana da jarumai sama da 80 kuma an sayar da sama da miliyan 30. To kun san kamfani in ya hango kuɗi irin wannan ba ya barci. Kowa ya leƙa rumbunshi ya ga ai shi ma yana da jarumai, sai suka ɗauko aikin ta wutsiya, fuskoki tukuna, wasan kuma daga baya a lallaɓa. Kamar mai tuwo ce ta sayi kwanoni masu kyau tun ba ta iya miya ba.

Sony suka gwada a 2012 da PlayStation All-Stars Battle Royale, ga Kratos ga Nathan Drake ga Sackboy, amma Crash Bandicoot da kowa ke jira ba ya ciki don haƙƙinshi na hannun wani kamfani, sannan suka kawo wata doka wai ba ka kashe abokin faɗa sai da babban bugu na musamman da ka tara, wato ka yi ta dukan mutum minti uku a banza in ka kuskure bugun nan. Farkon 2013 Sony ta raba gari da SuperBot da suka haɗa shi, har yau ba a yi na biyu ba. Nickelodeon su ma suka fiddo nasu a 2021, SpongeBob da kunkurun ninja suna faɗa shiru kamar kurame don an sake shi babu muryoyin jaruman, sai shekara ta gaba aka ƙara su. Kuma fa da kuɗi aka saye shi haka.

Amma wanda ya kamata ku tsaya ku duba da kyau shi ne MultiVersus na Warner Bros. Walle ranar da ya fito watan Yuli 2022 kowa ya ce Smash ya samu kishiya, Batman, Superman, Bugs Bunny, Tom da Jerry, Shaggy, har da LeBron James ɗan kwando, kuma kyauta ne saukewa. A Steam kaɗai, wato kasuwar intanet ta wasannin kwamfuta, mutum sama da dubu 150 suka taɓa haɗuwa lokaci guda, ƙarshen shekarar har kyautar wasan faɗa mafi kyau ya ci. Kamfanin ya yi ta sayar da kuɗin cikin wasa da ake kira Gleamium, da wani ƙunshi na masu shigowa da wuri wanda mafi tsadarshi ya kai kusan dalar Amurka 100, sama da jika hamsin kenan a kuɗinmu. Mutane suka saya. Watan Yuni 2023 aka rufe shi aka ce ai dama gwaji ne, wanda ya biya kuɗi ya zauna jira kusan shekara guda. Ya dawo 28 ga Mayu 2024, jama'a suka ce ya yi nauyi kuma buɗe jarumai ya koma wahala sai ka yi ta wasa kwana da kwanaki ko ka biya, aka watse. Farkon 2025 Warner ta rufe Player First Games da suka gina shi, ran 30 ga Mayu 2025 aka kashe wasan intanet ɗin gaba ɗaya aka cire shi daga inda ake saukewa. Abin da ya rage wa wanda ya zuba kuɗi shi ne ya yi wasa shi kaɗai da na'ura ko da na kusa da shi, shi ma sai in ya shiga kafin a rufe.

Yanzu ku auna da Melee, Smash na 2001 bisa GameCube, shekara ashirin da wani abu har gobe ana gasa da shi da tsoffin talabijin masu ƙeya, don faifai ne a hannunka ba wanda zai danna wani abu daga Amurka ya kashe maka.

Ɗan uwa, wanda ke Faransa ko Amurka in wasa ya mutu da kuɗinshi zai yi tsaki ya wuce. Kai fa? Forfe kaɗai da ka sa don sauke wasan da sabuntawar da ba ta ƙarewa ya ci kuɗin kabu-kabunka na sati, sannan ka ba wani mai kati jika biyar ya saya maka riga ta Batman ya cire nashi la'ada, alhali rezo na yi maka wasa ka danna bugu sai bayan an jefa ka waje hannun jaruminka ke motsi, wasannin nan kuwa ƙiftawar ido ake ci da ita. Ga ɗauke wuta lokacin zafi. Wasu kuɗin ma na makaranta ne, an ce a yi fotokofi an je an sayi takobin katun, kuma BEPC ko Bac na nan tafe ba ruwanta da matsayinka a wasa. Rigar da ka saya ba taka ba ce, aro ne aka ba ka har ranar da kamfani ya ga ba riba.

Wani abu kuma da sauri. Nintendo ba ta taɓa fiddo Smash na salula ba. Duk wanda ya turo maka fayil ta WhatsApp ko Xender ya ce Smash ne na Android, ko wani ne ya kwafa ba izini ko tarko ne, in ka ga wasan faɗa na neman izinin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka, mi zai yi da su? Cikin wayar nan fa kake karɓar lambobin sirri na kuɗi.

Kada a ce na yi wa duk mai kwaikwayo kuɗin goro. Brawlhalla kwafi ne shi ma in an bi asali, ya fito cikakke 2017, Ubisoft ta sayi masu shi 2018, ya zo salula 2020, kuma har yanzu yana raye. Sun yi nasu jaruman, suka kawo tsarin makami da kake ɗauka tsakiyar faɗa salon dukanka ya canza, wasan ba nauyi ƙaramar waya na ɗauka, sai daga baya suka gayyato baƙi irin su John Cena da The Rock. Kuma yawancin abin da ake saye da kuɗi ado ne, ba ya ƙara ma ƙarfi. Rivals of Aether ma haka, ƙaramar tawaga ce, kusan duk jaruman nasu ne na kansu amma masu gasa na girmama shi. In dole sai ka yi irin wasan nan yi na kyauta ka bar aljihunka, kuma kafin ka sa ko dala kashe data ka buɗe shi ka ga mi ya rage.

Ku kuma da ke koyon haɗa manhaja, ko a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko a ɗaki da YouTube, na san farkon abin da ke zo muku shi ne ku ɗauko Goku da Naruto da Spider-Man ku haɗa faɗa. Don koyo ba laifi, ka kwaikwayi tsalle da bugu ka gane yadda ake yi. Amma jaruman nan suna da masu su, ranar da ka sa shi Play Store ana iya sauke shi da takarda guda, wahalarka ta tafi. Alhali muna da kokowa, Kantu ɗan Maradi ne ya fara ɗaukar takobin kokowa ta ƙasa a 1975, ga jihohi takwas kowace da ƴan kokowarta da makaɗanta da kirarinta da layunta, tara jarumai fili guda mu kowace shekara muke yi. A kokowa ba a jefa mutum sama ya ɓace, gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa an gama, don haka sai ka zauna ka gano yadda kamu da taɗiya da ture za su yi daɗi a manet, ka ba yaran unguwa su gwada da ƴan zane marasa fuska, in sun ƙi aje manet ɗin sannan ka nemi mai zane.